Mir Gul Khan Nasir, Sha'irin da Ya Sauya wa Kalmomi Iyayengiji

A shekarar 1951, a birnin Karaci na ƙasar Pakistan, aka buga wani ɗan diwani mai suna Gulbang, wanda masana adabin wancan yanki suke ƙirgawa a matsayin diwani na farko da wani sha'iri na zamani ya fitar cikin harshen Baluci. Kuma duk wanda ya san cewa Balucawa mutane ne da suka shafe ƙarni biyar suna tsara waƙa, suna haddace ta, suna barin ta gado ga 'ya'yansu tare da raƙuma da takubba, lalle zai tsaya ya yi ta'ajibin yadda harshe mai wannan dukiya ya daɗe haka sha'iransa ba su ga sunansu a bangon littafi ba. Gaskiya ne malaman makarantar Durkhan sun buga littattafan addini cikin harshen tun ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, wani Bature kuma mai suna Longworth Dames ya tattara tsofaffin waƙoƙinsu ya buga a Ingila a 1907. Amma a ce ɗan ƙasa ya zauna ya tsara waƙa a kan halin da ake ciki yau, da harshen da makiyayi ke kiran tumakinsa da shi, sannan ya sa sunansa a kai ya ce ni na faɗa, a wannan fage Mir Gul Khan Nasir ne ke kan gaba, kuma saboda haka mutanensa suka yi masa laƙabi da Malikush Shu'ara.

Malaman balaga, tun daga zamanin Jahiz har zuwa ga Abdulƙahir al-Jurjani wanda ya rasu a shekarar 471 ta Hijira, sun daɗe suna taƙaddama a kan lafazi da ma'ana, wanne ne daga cikinsu asalin kyan magana. Jurjani kuwa ya tafi a kan cewa kalma tilo ba ta da wata falala a kan 'yar'uwarta sai an jera ta cikin nazami, an ga maƙwabtanta na gaba da na baya. Duk ɗalibin da ya durƙusa a zaure gaban malami ya karanta Uƙudul Juman na Suyuɗi ya san kuma cewa magana ba ta zama baliga sai ta dace da muƙtalal hali, wato abin da halin da ake ciki ya bukata. To, a nawa ganin, a cikin wannan halin akwai abubuwa da littattafai ba su cika tsayawa a kansu ba, su ne wa ke maganar, wa ake yi wa ita, kuma me mai maganar ya yarda ya rasa saboda ita. Kuma ban san wata rayuwa da ta bayyana wannan mas'ala ƙarara kamar rayuwar wannan bawan Allah ba.

Ƙasar Balucawa ƙasa ce ta duwatsu da rairayi da ƙarancin ruwan sama, inda manomi ke dogara da magudanai na ƙarƙashin ƙasa da suke kira karez, masu janyo ruwa daga gindin dutse zuwa gona, makiyayi kuma ke bin ciyawa daga kwari zuwa tudu gwargwadon lokacin shekara. Turawan Ingila suka ja mata iyaka da Iran a 1871, suka ja wata da Afganistan a 1893, al'umma ɗaya ta wayi gari a ƙarƙashin tutoci uku. Kason da ya faɗo cikin Pakistan daga baya shi kaɗai ya kai kusan kashi 44 cikin ɗari na faɗin ƙasar, alhali shi ne lardin da ya fi kowane ƙarancin jama'a. A irin wannan wuri, inda babu littafi kuma babu alƙali kusa, waƙa ce kundin tarihi, ita ce kuma littafin dokoki. Mafi girman abin da tsofaffin waƙoƙinsu suka ƙunsa shi ne yaƙin shekara talatin tsakanin ƙabilar Rind a ƙarƙashin Mir Cakar da ƙabilar Lashar a ƙarƙashin Mir Gwahram, a wajen ƙarshen ƙarni na 15 da farkon na 16. Kuma musabbabin yaƙin, kamar yadda waƙoƙin suka kawo, shi ne wata mace mai garken raƙuma, Gohar, wadda ta nemi mafaka wajen Cakar, sai samarin Lashar suka je suka yanka mata 'ya'yan raƙuma. A shari'ar Balucawa, taɓa dukiyar wanda ya fake da kai daidai yake da taɓa mutuncinka. Saboda 'ya'yan raƙuman nan aka yi ta zubar da jini har ƙabilun biyu suka raunana, suka warwatsu.

Yadda ake isar da waɗannan waƙoƙi shi ma abin lura ne. A daren biki, bayan an ci abinci maza sun zauna sahu-sahu a kan shimfiɗu, mai waƙa zai zauna tsakiya, gefensa ga mai suroz, wanda dangin goge ne, ga kuma mai damburag mai dogon wuya yana riƙe masa kiɗa. Zai ɗauko labarin daga tushe, yana rerawa yana tsayawa ya yi bayani da magana, yana ambaton jarumai da sunan ubanninsu da launin dawakinsu, har asuba ta kusa, a cikin masu saurare kuwa akwai waɗanda kakanninsu ake ambata. A da can, mai tsara waƙar sau da yawa basarake ne ko jarumi, amma ba ya rera ta da bakinsa a bainar jama'a, sai ya kira ɗaya daga cikin maroƙan gado, waɗanda ake ce wa domb, ya biya masa har ya haddace, shi kuma ya ɗauke ta ya kai ta garuruwa. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan tsari. Kalmomin da waƙar ke juyawa a kansu kuwa sanannu ne: mutunci, kunya, cika alkawari, kare wanda ya fake, ramuwar jini, kyauta ba tare da lissafi ba. Kalmomi ne masu nauyi, amma suna da iyayengiji. Na shugabannin ƙabilu ne da ake kira sardar, da 'ya'yansu, da mahaya dawakinsu. Wanda ke kiwon tumakin da aka yanka wa baƙi, da wanda ya yashe karez da hannunsa, ba a cika jin sunansu ba sai nadiran.

Sai Turawa suka zo da wata hikima. Robert Sandeman, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Khan, sarkin masarautar Kalat, a 1876 har Ingila ta sami gindin zama a Kwetta, ya ga cewa yaƙar waɗannan ƙabilu cikin duwatsunsu asarar kuɗi ce da rayuka, saboda haka ya yanka wa sardarori albashi, ya ba su kuɗin ɗaukar dogarai, ya mai da majalisar dattawa da suke kira jirga wata kotu da jami'in Turawa ke sa wa ido. Sardar wanda a da yake tsoron dattawan ƙabilarsa domin da yardarsu yake zaune, yanzu ya sami bindigar Ingila a bayansa. Yana karɓar kashi ɗaya cikin shida na amfanin gona a wurare da dama, yana sa aikin tilas, ba mai iya ce masa don me. Mu da muka ga mulkin Lugga a Arewa tun daga 1900 mun san wannan makaranta, shi kansa Lugga ma yana saurayin hafsa ya yi yaƙin Afganistan na 1879 zuwa 1880, a maƙwabtan waɗannan duwatsu. Abin da ya fi damuna a cikin lamarin shi ne abin da ya sami kalmomi. Mai suroz bai daina kiɗa ba, maroƙi bai daina ambaton mutunci da kare mai neman mafaka a ƙofar sardar ba. Lafazin yana nan daram, amma ma'anar ta yi ƙaura, domin wanda ake kira garkuwar jama'a shi ne ya zama mai karɓar albashi don ya riƙe wa baƙo jama'ar.

Cikin wannan hali aka haifi Gul Khan, ranar 14 ga Mayu 1914, a garin Nushki da ke bakin hamada yamma da Kwetta, a gidan manya na ƙabilar Zagar Mengal. Ya tashi da harsuna biyu a bakinsa, Barahui da Baluci. Ya fara karatu a garinsu, ya wuce makarantar sakandare mai sunan Sandeman a Kwetta, daga nan ya tafi Kwalejin Islamiyya ta Lahor, amma ciwon ido ya katse masa karatu a shekara ta biyu. Lahor ta wancan lokaci birnin Muhammad Iƙbal ce, wanda ya rasu a 1938, birni ne da jaridu da majalisun waƙa suka cika da maganar 'yanci, kuma harshen wannan magana shi ne Urdu. Babu mamaki da ya kasance da Urdu saurayin ya fara waƙa, tare da Farisanci wanda shi ne harshen fada da na malamai a Kalat. Waɗanda suka riga shi farkawa ma haka suka yi: Yusuf Aziz Magsi, ɗan sarauta da aka ɗaure saboda wata maƙala da ya rubuta a 1929 a kan kukan Balucistan, wanda ya rasu a girgizar ƙasar Kwetta ta 1935, da Urdu ya yi kiransa. A 1937 Gul Khan na cikin samarin da suka kafa jam'iyyar ƙasa ta masarautar Kalat, aka zaɓe shi mataimakin shugaba a ƙarƙashin Abdul Aziz Kurd, suna neman gwamnati mai wakilan jama'a da soke harajin da sardarori ke ɗora wa talakawa. A watan Yulin 1939 mayaƙan sardarori suka far wa taronsu a Mastung, Khan Ahmad Yar Khan ya haramta jam'iyyar, aka kori shugabanninta daga masarautar. Yana da shekara 25.

An ruwaito cewa wani taro da ya halarta a Carsadda, a ƙasar Pashtunawa mabiya Abdul Ghaffar Khan, inda ya ga mawaƙa suna yi wa manoma magana da Pashto manoman kuma suna amsawa, shi ya sa ya dawo gida ya duba wa yake yi wa waƙa. Amsar ba ta da daɗi: ƙasidar Urdu, komai zafinta, tana ƙarewa ne a hannun 'yan makaranta ƙalilan a Kwetta da Karaci, makiyayin da ake kuka dominsa kuwa ko an karanta masa ba zai gane ba. Daga shekarun 1940 ya koma ga Baluci, kuma a nan ne ya yi aikin da nake ganin shi ne asalin girmansa. Da ya so, da ya zubar da tsofaffin kalmomin nan duka, ya ce kayan sarauta ne, ya ɗebo sababbi daga littattafan masu ra'ayin gurguzu da suka cika Indiya a lokacin. Wasu sun yi haka a wasu harsuna, waƙarsu ta fito kamar takardar sanarwa. Shi kuwa ya riƙe ma'aunin tsohuwar waƙar yaƙi, da amonta, da sunayen jarumanta, ya juya fuskarsu zuwa ga wasu mutane daban. Wanda yake kira ya tashi ya kare mutuncinsa shi ne manomi da makiyayi da lebura. Wanda ya ci amanar mai neman mafaka shi ne sardar da ya sayar da jama'arsa, da malamin fada da ya halatta masa. Ramuwar da ake bin bashi kuma ta tashi daga tsakanin ƙabila da ƙabila ta koma tsakanin wanda aka zalunta da azzalumi, domin a wajensa Rind da Lashar da Mengal da Marri duk al'umma ɗaya ce. Misalinsa misalin mutumin da ya tarar da rijiyar da kakannin gari duka suka haƙa an kewaye ta da shinge an ce ta gidan sarki ce, bai haƙa sabuwa ba, ya dai cire shingen ya kira mutane su kawo gugansu.

Wannan shi ya sa waƙarsa ta yi wa masu mulki ciwo fiye da jawabin siyasa. Jawabi ana iya cewa baƙon ra'ayi ne da aka shigo da shi daga Masko ko Dilli. Amma idan mutum ya zarge ka da kalmomin da kai kanka kake biyan maroƙi ya rera a ƙofar gidanka, da me za ka kare kanka? A nan nakan tuna da Malam Sa'adu Zungur, wanda sa'ansa ne a haihuwa, ɗan gidan ilimi a Bauci, masanin Larabci da Turanci, wanda shi ma ya zaɓi ya yi wa mutanensa gargaɗi da Hausa, cikin ma'aunin waƙar wa'azi da suka saba ji. Sai dai Allah Ya karɓi ran Malam Sa'adu a 1958, kafin a sauke tutar Ingila. Gul Khan kuwa an ja masa kwana har shekara 36 bayan tafiyar Turawa, ya ga da idonsa cewa tafiyarsu ba ta kawo ƙarshen abin da yake kuka da shi ba.

Kalat ta shelanta cin gashin kanta a watan Agustan 1947, majalisar wakilanta ta ƙi yarda da haɗewa da Pakistan, amma a ƙarshen Maris 1948 Khan ya sa hannu a takardar haɗewar. A 1955 aka narkar da dukan lardunan yammacin Pakistan cikin lardi guda, sunan Balucistan ya ɓace daga taswirar mulki. A watan Oktoban 1958 soja suka kama Khan na Kalat, Ayub Khan ya karɓi mulki. Wani dattijo mai shekaru sama da tamanin, Nawab Nauroz Khan, ya hau duwatsu da mutanensa. Balucawa suna ruwaito cewa da rantsuwa a kan Alƙur'ani mai girma aka sauko da shi a 1959, bisa alkawarin aminci, sannan a watan Yulin 1960 aka rataye ɗansa da wasu daga cikin danginsa da mabiyansa, shi kuma ya rasu a kurkuku. Ga al'ummar da ta yi yaƙin shekara talatin saboda alfarmar mace guda da ta nemi mafaka, mai karatu ya ƙiyasta abin da karya irin wannan alkawari ya bari a zukata. Gul Khan, wanda a lokacin yana cikin jagororin jam'iyyar NAP da aka kafa a 1957, ya ɗanɗani sansanin Kuli da ke Kwetta, inda aka azabtar da fursunonin siyasa. Idan aka haɗa ɗaure-ɗauren da aka yi masa tsakanin 1939 da 1978, sun kai kimanin shekara 15.

Na daɗe ina tunani a kan waɗanne labarai ya zaɓa daga cikin taskar kakanninsa ya sake tsarawa a waɗannan shekaru. A 1964 ya fitar da Dosten da Shirin. Dosten jarumi ne da aka kama a yaƙi aka tsare shi shekaru a hannun Mogul, aka sa shi kula da dawaki. A gida aka fid da rai da shi, aka ba da budurwarsa Shirin ga wani mutum wanda shi ma sunansa Dosten. Shirin ta aika masa saƙo cikin waƙa, ya sami doki ya tsere, ya iso ranar biki cikin shigar maroƙi, ya zauna cikin taro ya rera waƙar da ta aika masa. Ta gane shi daga bayan labule, ango kuma da ya san gaskiya ya janye ya bar masa amaryarsa. A 1969 kuma ya fitar da labarin Hammal ɗan Jiyand, shugaban mutanen gaɓar tekun Makran a ƙarni na 16, wanda ya yaƙi jiragen Fotugal har suka kama shi, suka yi masa tayin dukiya da mace daga cikinsu in zai bar addininsa da mutanensa, ya ƙi, ya mutu a hannunsu. Dukansu biyu kamammu ne. A cikin adabin da ya cika da mahaya masu nasara, mutumin da ya san ƙarar kwaɗon kurkuku ya je ya ɗauko waɗanda aka ɗaure, ya nuna wa mutanensa cewa jarunta tana iya zama a cikin mari, kuma a labarin Dosten waƙa ce ta shiga inda mayaƙa suka kasa shiga. Ɗan shekara ashirin da bai taɓa kwana a ɗaure ba zai iya tsara waɗannan baitoci da ƙafiya mai kyau, amma masu saurare ba za su ji abin da suka ji daga bakin Gul Khan ba, ko da lafazin bai bambanta da harafi ɗaya ba.

Ba na cewa duk abin da ya rubuta zinariya ne. Sha'irin da ke amsa kiran kowace rana dole wasu waƙoƙinsa su tsufa tare da ranar da ta haife su, kuma 'yan bayansa, irin su Atta Shad, sun buɗe wa harshen wata ƙofa ta zurfin tunani da taushin lafazi wadda shi bai cika shiga ba. Tarihin Balucistan da ya wallafa, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1952, da Urdu ya rubuta shi, domin a nan masu karatu yake nema, da kuma maƙwabta da yake so su ji hujjar mutanensa.

Jarrabawa mafi tsanani ga mai magana ita ce ranar da aka miƙa masa iko aka ce to, aikata. An rushe lardi guda a 1970, aka yi zaɓe, Gul Khan ya ci kujerar Cagai a majalisar lardi; ranar 1 ga Mayu 1972 aka kafa zaɓaɓɓiyar gwamnati ta farko a Balucistan, Ataullah Mengal na babban minista, Ghaus Bakhsh Bizenjo na gwamna, shi kuma aka ba shi ma'aikatar ilimi da ta lafiya. A wannan shekara aka buɗe Kwalejin Likitanci ta Bolan a Kwetta. Amma gwamnatin nan, wadda babban sha'irin Baluci ke riƙe da makarantunta, Urdu ta ɗauka ya zama harshen mulkin lardi. Uzurinsu sananne ne: lardin yana da masu Baluci da masu Barahui da masu Pashto, fifita ɗaya zai iya tayar da fitina, ga shi kuma a watan Yulin wannan shekara an zubar da jini a lardin Sind saboda dokar harshe, ban da haka, Baluci ba shi da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, ba shi da littattafan makaranta. Ina ganin nauyin wannan uzuri, kuma ba na jin wani mai hankali zai so a kunna wuta a gidan da aka gama ginawa jiya. Duk da haka ba zan ɓoye ba, abin yana sosa mini rai, domin ɗan makiyayin da aka yi wa waƙa shekara talatin ya shiga aji ranar farko ya tarar malami na magana da harshen da ba a yi a gidansu. An sake gwada koyarwa da harsunan gida a makarantun firamare na lardin a 1990, bayan shekara biyu aka daina.

Ga alama shi kansa ya san inda cikas ɗin yake, domin a watan Satumban 1972 ya tara malamai da marubuta a Kwetta don a daidaita rubutun Baluci, kuma shi ra'ayinsa a koma ga haruffan Rumawa, irin waɗanda muke kira boko. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce rubutun Larabci, yadda aka saba yin sa a can ba tare da wasulla ba, yana wahalar da yaro mai koyo, kuma yana ɗauke da haruffa da dama da bakin Baluci ba ya bambantawa. Masu adawa suka ce wannan raba al'umma ne da haruffan Alƙur'ani, da Farisanci, da duk abin da malamansu suka bari. Aka watse ba a daidaita ba, har yau kuma galibin rubutun Baluci da haruffan Larabci ake yin sa. Mu Hausawa mun bi ta wannan mararraba, amma mu ba a tara mu an tambaye mu ba. Baturen nan da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa ne ya tsara ƙa'idojin rubutun boko a 1912, hukuma ta ɗauka, aka tafi a haka. Mun sami riba mai yawa, mun sami Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 da littattafan Zariya da abin da ya biyo bayansu. Mun kuma yi asara, domin jikokin waɗanda suka haddace waƙoƙin Nana Asma'u da yawansu ba sa iya karanta takardun ajami da ke cikin gafakar kakansu. Saboda haka ba na iya yanke wa ɗayan ɓangarorin Kwetta hukuncin ɓata. Abin da nake yaba wa ministan shi ne, yana da ra'ayi kuma yana da kujera, amma gaban shawara ya kai maganar.

Ba a ba su lokaci ba. A watan Fabrairun 1973, bayan wata tara kacal, Zulfikar Ali Bhutto ya rushe gwamnatin lardin, yaƙi ya ɓarke a duwatsu har zuwa 1977. A watan Agustan 1973 aka kama Gul Khan tare da Mengal da Bizenjo da Khair Bakhsh Marri, daga baya aka gurfanar da su gaban kotun musamman a kurkukun Haidarabad bisa tuhumar cin amanar ƙasa, tare da Abdul Wali Khan da sha'irin Urdu Habib Jalib. Ba su fito ba sai bayan da Ziya'ul Haƙ ya kifar da Bhutto ya rushe kotun a farkon 1978. Ya fito yana da shekara sittin da 'yan kai, jiki ya raunana, ya ƙarar da sauran kwanakinsa a kan takarda: ya wallafa littattafai biyu a 1979 a kan waƙoƙin yaƙi da waƙoƙin soyayya na Balucawan da, ya tarjama wani diwani na abokinsa Faiz Ahmad Faiz zuwa Baluci, ya kuma tarjama wani sashe na waƙoƙin waliyyin Sind, Shah Abdul Latif, wanda ya shafi Balucawa. Mutumin da aka tuhuma da neman raba ƙasa, aikinsa na ƙarshe shi ne shigo da maganar maƙwabta cikin harshen uwarsa. Ciwon daji na huhu ya kama shi, ya rasu a Karaci ranar 6 ga Disamba 1983, aka kai shi Nushki aka binne. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa. A 2001 gwamnatin Pakistan ta ba shi lambar girma ta Sitara-i-Imtiyaz.

Abubuwan da ya yi kuka da su ba su gushe ba. An gano iskar gas a Sui ta Balucistan a 1952, aka ja ta zuwa Karaci cikin 'yan shekaru, ba ta isa Kwetta ba sai a shekarun 1980. A 2013 kuma iyalan mutanen da suka ɓace a hannun jami'an tsaro suka taka da ƙafa daga Kwetta zuwa Karaci, daga nan zuwa Islamabad, riƙe da hotunan 'ya'yansu da 'yan'uwansu. Galibinsu talakawa ne, da yawa kuma mata ne, kuma da suka buɗe baki, da kalmomin mutunci da amana da haƙƙi suka yi magana, a matsayin masu su, ba tare da sun jira wani sardar ya faɗa a madadinsu ba. Ba Gul Khan kaɗai ya kawo wannan sauyi ba, amma yana cikin na farko da suka koya wa harshen yin haka.

Kirana ga malamanmu na sassan Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, da kuma 'ya'yanmu da ke karatu a Islamabad da Lahor da Karaci waɗanda Allah Ya hore wa Urdu: ku nemi littattafan wannan mutum, ku zauna da Balucawan da kuke haɗuwa da su a can da kuma a ƙasashen Larabawa su karanta muku waƙoƙinsa da bakinsu, ku juyo mana abin da ya sawwaƙa zuwa Hausa, a ajiye shi kusa da na Malam Sa'adu ɗalibai su auna. Tarihinsa na Balucistan da littattafansa biyu na 1979 da Urdu suke, ana iya farawa da su tun yanzu.